Rangwamen Kuɗin Bas da Ingancin Sufuri a Cikin Birni

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya shiga cikin lissafin da magidanci a Katsina ke yi kafin ya bar gida. Gwamnatoci sun nemi rage raɗaɗin ta hanyar rangwame. A Legas an zaftare rabin kuɗin shiga motocin BRT, wato manyan motocin bas na cikin birni, a watan Agustan shekarar. Sai dai a lura, idan fasinja ya biya rabi, dole wani ya cike ragowar.

Kuɗin da kwandasta ke karɓa da shi ake zuba mai, a sayi taya da baƙin mai, a sallami direba da makanike. Idan gwamnati ta kayyade farashi amma cikon ya makara a baitulmali, abin da ake fara jinginewa shi ne gyara, domin mota ba ta tashi babu mai, amma tana iya tafiya da birki mai rauni da kujera a yage. Daga nan sai motoci su riƙa kwanciya a gareji ɗaya bayan ɗaya, a daidai lokacin da araha ta jawo ƙarin fasinjoji. Ɗalibin da ke tsaye a Ƙofar Ƙaura yana sauri zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, idan bas ta zo masa maƙil bayan dogon jira, Keke Napep zai tara ko da ta fi tsada.

Saboda haka yadda ake biyan tallafin ya fi yawansa tasiri. Idan bisa adadin fasinjoji ake biya, direba zai tsaya lodi har sai mota ta cika, ya kuma guje wa unguwannin gefen gari. A Landan kuwa, hukumar sufuri ce ke karɓar kuɗin fasinja, ta biya kamfanoni gwargwadon nisan da motocinsu suka yi, da ƙari ga mai kiyaye lokaci da yanka ga mai saɓawa. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya koma irin wannan tsari a 2004.

Hukumar sufuri ta jihar Katsina, KTSTA, ta fi shahara da jigila tsakanin garuruwa, kamar Daura, Funtua da Kano. Duk ranar da za a faɗaɗa bas a cikin birnin Katsina, ya kamata a ware kason gyara tun a kasafi, a kuma rubuta cikin yarjejeniya minti nawa fasinja zai jira a tasha.