Ido Ba Mudu Ba Ne: Masu Zaƙulo 'Yan Wasan Besbol a Amurka

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da yamma.

Na san da yawanku ba ku taɓa zama kun kalli besbol ba, kuma ba komai. Wani ne zai jefo ƙwallo da ƙarfi, wani ya tsaya da kulki ya maka mata, ya sheƙa da gudu. Ni ba dokokin wasan ne suka kawo ni ba. Magana zan yi a kan mutanen da ƙungiyoyi ke biya su yi ta yawo gari-gari, su zauna a filin wata sakandare, su ƙura wa yaro ɗan shekara 17 ido, sannan su ce nan da shekara biyar wane zai zama wani abu.

Suna da ma'auni, daga 20 zuwa 80, wanda ake danganta shi da Branch Rickey, wani tsohon shugaban ƙungiyar besbol. Maki 50 shi ne matsakaicin ɗan wasa a babbar gasa. Abu biyar suke dubawa: iya samun ƙwallo da kulki, ƙarfin bugu, gudu, cafke ƙwallo, da ƙarfin jifa. Gudu dai akwai agogo, yadi 60 ake sa yaro ya yi. Jifa akwai na'urar da ke auna saurinta. To amma kowane fanni lamba biyu ake rubutawa, ta yau da ta gobe. Ta goben nan fa? Babu agogon da ya san ta. Ra'ayin mutum ne aka sa masa rigar lissafi. Kamar mai sayen maraƙi don kiwo ne, ƙashi yake dubawa yana hango sa.

Hausawa suka ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Bari mu fara da inda idon ya yi ƙarya.

A 1980 New York Mets ta ɗauki wani saurayi, Billy Beane, a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa. Dogo, ƙaƙƙarfa, ga gudu, duk wanda ya gan shi sai ya yaba. Ya shiga babbar gasa bai tabuka abin kirki ba. A 1999 kuma Albert Pujols sai da aka ɗauki mutum 401 kafin St. Louis Cardinals ta kira sunansa, wasu na cewa jikinsa ya yi nauyi. Ya yi ritaya ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau 703. Mike Piazza ma ya fi ban dariya. A zagaye na 62 Dodgers ta ɗauke shi a 1988, shi ma don kocinta Tommy Lasorda aminin babansa ne. Alfarma ce kawai, irin wadda muka sani. Yau yana cikin zauren gwarazan wasan.

Kun lura da abin da ya haɗa su? Siffa. Ido yana son abin da ya saba gani, kuma mai zaƙulowa kullum yana kwatanta yaro da wani tsohon ɗan wasa da ya taɓa burge shi.

Shi Beane bai manta abin da ya same shi ba. Da ya zama manajan Oakland Athletics, ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi, sai ya juya wa ido baya, ya rungumi alƙaluma: sau nawa mutum ke kaiwa tasha ta farko, wato wurin da mai bugu ke fara rugawa ya tsaya, ko ta wace hanya. A 2002 suka ci wasa 103, har da 20 a jere. Littafin Moneyball, mai ba da labarin wannan salo na Beane, ya fito a 2003, duniya ta ɗauka an gama da tsofaffin masu zaƙulowa.

A nan ni nake da ja. Manyan masu jifan da suka riƙe Oakland a shekarar, Hudson da Mulder da Zito, ai an ɗauko su tun kafin zaɓen 2002 da littafin ya yayata, kuma sai da masu zaƙulowa suka je suka gan su. Shi kuwa Jeremy Brown, wanda alƙaluma suka nuna, tsofaffin suka ce ya cika ƙiba, wasa biyar kacal ya buga a babbar gasa.

Wani abin kuma, alƙaluman yaro ɗan sakandare ba su da tabbas. Da wa ya kara? Yaron New Jersey, inda sanyi ke cinye rabin kaka, ba ya samun wasanni da idon jama'a kamar na Florida. Yana daga cikin abin da ya sa Mike Trout, ɗan New Jersey da ya zama babban gwarzo, ya zauna har lamba ta 25 a zaɓen 2009. Sannan akwai hali. Wasan nan faɗuwa ta fi yawa a cikinsa, gwani ma sau bakwai cikin goma yake komawa hannu rabbana. Yaya yaro yake idan ya sha kashi kwana uku a jere? Tun 2015 an kafa kyamarori a filayen babbar gasa masu auna har juyin ƙwallo a iska, amma wannan tambayar sai wanda ya zauna ya gani.

Hal Newhouser ya zauna ya gani. Tsohon gwanin jifa ne, yana zaƙulo wa Houston Astros 'yan wasa. A 1992 Houston ce da zaɓin farko, ya dage a ɗauki wani yaro daga Kalamazoo a jihar Michigan, Derek Jeter. Shugabanni suka ƙi, suka ɗauki Phil Nevin, ɗan jami'a wanda ya fi kusa da nuna. Dattijon nan ya ajiye aikin. Yankees ta ɗauki Jeter a lamba ta shida, ya ci kofi biyar da ita.

Ita dai Houston ɗin ce ta yi gwaji a Benezuwela, wani gajeren yaro, José Altuve, ya zo aka sallame shi. Washegari sai ga shi ya dawo. Wani ma'aikacinsu, Al Pedrique, ya tsaya masa, aka sa hannu da shi a 2007 a kan dala 15,000. Tsawonsa mita 1.68. Shekara goma bayan haka aka zaɓe shi gwarzon gasar.

Na ga ana ɗaga mini agogo daga baya. Mai tambaya ya ɗaga hannu.