Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Kamfanin Waya Zai Yi Kukan Asara?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa daga nan birnin Bauchi. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani bawan Allah mai sayar da katin waya a Kasuwar Wunti, wanda ya rubuto cewa: "Ni shaida ne a kan kuɗin da jama'a ke zubawa a waya kullum. To yaya manyan kamfanonin sadarwa za su ce sun yi asara, har a ba su damar ƙara farashi?"

Malam, tambayarka tana kan hanya. Tushen lamarin shi ne, kamfanin waya da naira yake karɓar kuɗinsa a hannunka, amma dala ce ke yanke farashin abubuwa da dama da yake kashe wa kuɗi, kama daga na'urorin da ake shigowa da su daga waje har zuwa basussukan da ke kansa. Tun farko ma haka harkar ta faro, domin a gwanjon da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi a watan Janairun 2001, dala miliyan 285 aka sayar da kowane lasisi.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne batun turakun sadarwa, waɗannan dogayen ƙarafan da kuke gani a unguwanninku. A shekarar 2014, MTN ya ƙulla yarjejeniyar miƙa dubban turakunsa ga kamfanin IHS, Airtel kuma ya amince ya sayar da nasa ga American Tower, suka koma 'yan haya a kan abin da suka gina da hannunsu. Dabarar tana da ma'ana a lokacin: sun sami tsabar kuɗin faɗaɗa sabis, sun kuma sauke wa kansu ɗawainiyar janareto da man dizal da masu gadi. Amma wani kaso na kuɗin hayar MTN an ɗaure shi da dala. Saboda haka da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 har ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya, sai haya da bashi suka kumbura alhali kuɗin kira yana nan inda yake. MTN na Najeriya ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, da kimanin biliyan 400 a 2024, duk da cewa cinikinsa ƙaruwa ya yi. Shugabanninsa sun koma teburin ciniki da IHS a 2024 suka rage kason dalar, sannan a Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, wato rabin abin da kamfanonin suka nema.

A ganina akwai sakaci a ɓangaren shugabanci, domin an riga an ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta. Etisalat ya ciyo bashin dala biliyan 1.2 daga bankunan gida 13, naira ta faɗi a 2016, biya ya gagara, Larabawan da ke da hannun jari suka janye a 2017, kamfanin ya koma 9mobile.

Wata malamar makaranta daga wani ƙauye a ƙasar Ningi tana cewa sai ta hau tudu kafin ta sami sabis, tana tambayar ko an manta da su ne.

Malama, lissafi ne ya kawo haka. Turken da ke ƙauye yana shan mai, yana buƙatar batura da mai gadi kamar wanda ke tsakiyar Bauchi, ga wahalar kai masa man idan damina ta ɓata hanya, amma masu kiran da ke ƙarƙashinsa kaɗan ne, kuma data, wadda a yanzu kamfanonin suka fi sa rai a kanta, ba a saya sosai. Don cike wannan giɓi ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF, wanda ke tallafa wa kai sabis wuraren da riba ba ta kai kamfani. Shawararmu ita ce al'ummarku su rubuta wa kamfanin a ƙungiyance, da sa hannun dagaci, idan kuma aka yi shiru, lambar karɓar koke ta NCC ita ce 622, kuma kiran kyauta ne. Tunda an ƙara muku farashi kamar mutanen birni, haƙƙinku ne ku tambaya.

Wani dattijo daga Azare kuma yana son a raba masa gardama da abokinsa, wanda bai yarda cewa Econet ne Airtel ba. Baba, kai ne da gaskiya. Econet ya zama Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010, lokacin da kamfanin Bharti na Indiya ya saye shi. Sai ka gaya wa abokin naka mun yanke hukunci, goro kuma yana kansa.