Antun Vrancic, bishop ɗin da biranensa ke hannun Sultan

A shekarar 1553, Sarki Fadinan na gidan sarautar Habsbog ya naɗa wani limamin cocin Katolika mai suna Antun Vrancic a matsayin bishop na birnin Pec da ke ƙasar Hungari. Sai dai a lokacin birnin ya kai shekara 10 a hannun dakarun Daular Usmaniyya, don haka sabon bishop ɗin bai da hanyar zuwa ya zauna a kujerarsa. A cikin wannan shekarar ne kuma sarkin ya tura shi Santambul a matsayin jakada, domin ya nemi sulhu daga Sultan Sulaiman, wato mutumin da ke riƙe da birnin nasa.

An haife shi a 1504 a garin Shibenik da ke gaɓar tekun Dalmashiya, a ƙasar Kuroshiya ta yau, sa'ad da yankin yake ƙarƙashin mulkin Benis. Kawunsa, Ivan Statilic, wanda shi ma ya zama bishop, shi ne ya ɗauki nauyin tarbiyyarsa, har ya yi karatu a Paduwa ta ƙasar Italiya. Ya kai shekarun samartaka a daidai lokacin da Hungari ke wargajewa, domin a yaƙin Mohac na 1526 Turkawa sun fatattaki rundunar ƙasar, sarkinta ya rasa ransa, aka bar mutum biyu suna takarar gadon sarauta, Yanos Zapolya da Fadinan. Vrancic ya fara yi wa Zapolya hidima a matsayin magatakarda da manzo, yana yawo fadojin Turai da wasiƙun ubangidansa. Bayan rasuwar Zapolya a 1540 ya ci gaba da yi wa matarsa Isabela aiki, kafin a 1549 ya koma ɓangaren Fadinan.

Zamansa na farko a ƙasar Turkawa ya ɗauki shekara huɗu, kuma akasarinsu sun tafi ne a jira. Sultan yana can gabas yana yaƙi da Farisa, saboda haka a 1555 Vrancic da abokan aikinsa, Ferenc Zay da Busbek, suka bi shi har garin Amasya a tsakiyar Anatoliya. Bayan wannan doguwar tafiya, abin da suka samu bai wuce tsagaita yaƙi na wata shida ba. Amma a kan hanya, a Ankara, tawagar ta kwafo rubutun da ke jikin bangon wani tsohon haikali, inda Agustus, sarkin Rum na farko, ya zayyana ayyukan mulkinsa. Masana tarihin Rum na dogaro da wannan rubutu har gobe, kuma ta hannun waɗannan jakadu ne Turai ta san da shi.

Da ya dawo a 1557 aka ba shi bishop na Eger, gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda ya haɗa aikin coci da kula da tsaron gari.

Aikin da ya fi kafa sunansa ya zo ne bayan Sulaiman ya rasu a 1566. Sarki Maksimiliyan na Biyu, ɗan Fadinan kuma magajinsa, ya sake tura shi, yana da shekara 63, zuwa ga Sultan Salim na Biyu, inda ya shafe watanni yana ja-in-ja da babban waziri Sokollu Mehmed Pasha, wanda asalinsa ɗan Bosniya ne, maƙwabciyar ƙasar haihuwar Vrancic. A watan Fabrairun 1568 aka ƙulla yarjejeniyar Edirne ta shekara takwas, bisa sharaɗin cewa Habsbog za su riƙa aika zinariya dukat 30,000 kowace shekara. A Biyana, fadar Habsbog, ana kiran kuɗin gaisuwa, a Santambul kuwa ana ɗaukarsu haraji, kuma a ganina gwanintar jakadan tana cikin yadda aka bar kowane ɓangare da fassararsa, ba tare da an ci mutuncin kowa ba. An yi ta sabunta yarjejeniyar, kuma duk da hare-haren kan iyaka, babban yaƙi bai sake ɓarkewa ba sai a 1593.

Ladan wannan aiki shi ne kujerar babban bishop na Estagom a 1569, wato shugabancin cocin Katolika na Hungari baki ɗaya. A 1572 ya zama muƙaddashin sarki a ƙasar, kuma shi ya ɗora wa Rudolf, ɗan Sarki Maksimiliyan, kambin sarautar Hungari. Estagom ma tana hannun Turkawa tun 1543, don haka daga Tirnaba, a ƙasar Sulobakiya ta yau, ya gudanar da aikinsa. Ya rasu a watan Yunin 1573 a garin Pireshob, aka kai gawarsa Tirnaba aka binne, ita kuwa Estagom ba ta fita daga hannun Turkawa gaba ɗaya ba sai a 1683.