Amsoshin Tambayoyinku: Me ya kai hoton Baturiya jikin kwalbar tabar Sarkin Sin?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito daga wani mai sauraronmu a Damagaram. Ya ce ya ga hoton wata 'yar kwalba ta tabar shaƙa, an ce ta ƙasar Sin ce, ta haura shekara 250, amma a jikinta an zana Baturiya riƙe da ɗanta. Yana tambaya: ta gaske ce, ko jabu ce?

To Malam, mai yiwuwa ne ƙwarai ta gaske ce, domin a fadar Beijing an yi irinta da yawa.

Ita kanta taba baƙuwa ce a Sin. 'Yan kasuwar Fotugal da Sifaniya ne suka shigo da ita ta tashoshin jiragen ruwa na Macau da Manila. Manyan fada suka rungumi garin da ake shaƙa, suna ɗaukarsa maganin mura da ciwon kai. Turawa a ƙaramin akwati suke zuba nasu, amma Sinawa suka zaɓi kwalba mai matsattsen baki don kada danshi ya lalata garin, da ɗan cokali manne a murfin.

Fentin shi ne inda hannun Turawa ya fi fitowa. Garin gilashi ne mai launi, a zana shi a kan jan ƙarfe ko gilashi ko tangaran, a sa a wuta har ya narke ya kama, dangin fentin kwanukan jeren amare ke nan. Sarki Kangxi ya ga irin wannan aiki a kyaututtukan da suka zo daga Turai, abin ya shiga ransa. A 1696 ya kafa ma'aikatar gilashi ƙarƙashin wani limamin coci Bajamushe, Kilian Stumpf. A 1716 ya sa wasu 'yan mishan biyu daga Italiya, Matteo Ripa da Giuseppe Castiglione, su yi masa zanen. Ba sana'arsu ba ce, kuma ba su son zama a ma'aikata, sai suka ɓata aikin da gangan har aka sallame su. Sai a 1719 wani Bafaranshe da ya san sana'ar, Gravereau, ya iso. Zuwa 1728, zamanin Sarki Yongzheng, masu aikin fada sun iya haɗa launukansu da kansu.

Irin kwalbar da ka gani ta fi yawa a zamanin Sarki Qianlong, daga 1736 zuwa 1795. Ka dubi fuskar matar da kyau. Za ka ga an yi mata inuwa da ƙananan ɗige-ɗige don kumatu su taso, ginin da ke bayanta kuma yana ƙanƙancewa yana nisa. Wannan salon Turai ne. Launin ruwan hoda na rigarta, da zinariya ake haɗa shi. Amma furannin da suka kewaye hoton na Sin ne, hannun da ya zana ma galibi na Basine ne, kuma a ganina nan kyan abin yake: Sarki ya ɗauki Baturiya abin kallo daga nesa, ya sa aka zana masa ita yadda yake so.

Sai dai Malam, kada tambarin Qianlong da ke gindin kwalba ya ruɗe ka. An ci gaba da kwaikwayonsa har yau, hoto kaɗai kuma ba ya isa a tantance. Na asali da yawa suna gidan tarihin fada na Beijing da na Taipei.