Tsayuwa Gaban Hoto

An rubuto wannan daga rikodin laccar da aka yi wa ɗalibai masu koyon ɗaukar hoto a birnin Katsina.

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma.

Tun shigowata nake ganin wayoyi a hannu. Kowannenku ya ga hotuna barkatai yau, amma in na ce a siffanta mini guda ɗaya, shiru zan ji, domin yatsa ya riga ido wucewa. Shi ya sa nake roƙonku, duk wanda tafiya ta kai Abuja ko Legas, ya nemi inda ake baje kolin hotuna ya shiga.

Ranar buɗewa akwai cunkoso, ga gaishe-gaishe, ga lemo, kowa ya ba bango baya. Ku je duk da haka, don mai hotunan yana wurin, ku tambaye shi abin da ya sa ya tsaya nan bai matsa can ba. Kallon kuwa sai washegari, in ɗaki ya yi tsit.

A irin wannan safiya na fara tsayawa gaban aikin marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Najeriya, har ya tara hotuna kusan dubu, baƙi da fari, da yawansu daga ƙeya. Babu fuska, babu kwalliya, sai kai da wuya. A waya na sha ganinsu ina wucewa. A bango kuwa, an wanke su da girma, sai na ga tsaga miƙe kamar an ja ta da zare, na ga inda makitsiya ta ƙara ƙarfin hannu. Wallahi sai da na tuna iyata zaune a tsakar gida, kan ƙanwata a cinyarta. Na daɗe ban motsa ba.

Bamako na taron masu hoto na Afirka tun 1994. LagosPhoto, bikin baje kolin hotuna na Legas, ya soma a 2010, har waje suke kafa hotuna, mai wucewa ma ya samu rabonsa. Ga Fati Abubakar a Maiduguri, ta nuna wa duniya 'yan makaranta da 'yan kasuwar Barno a lokacin da labarin bom kaɗai ake ji.

To, mu fa? Hotunan hawan sallah a Ƙofar Soro, na aure, na dawowa daga Makka, suna cikin akwatunan kakanninmu, gara na ci. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 yau gidan tarihi ce, bango bai yi mana ƙaranci ba.

Mako mai zuwa kowa ya zo da tsohon hoto ɗaya daga gida. Ku nemi izini tukuna. Ku tambayi dattijai wane ne a ciki, wace shekara, wa ya ɗauka, ku rubuta da fensir a bayansa. Akwai mai tambaya?