Daga bakin teku zuwa Katako: ina kayanmu ke ɓata lokaci?

Salamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Ku dubi wannan kwalin tayil ɗin da ke gaban shago a kasuwar Katako. Daga Sin ya taso, ya yi makonni cikin ruwa, amma in ka tambayi Alhajin da ya yi odarsa zai ce maka ba tekun ne ya ba shi ciwon kai ba, wahalar ta fara ne ranar da jirgi ya tsaya a gaɓa.

Mu dai a Nijar ba mu da teku, kowa ya sani. Tashar da ta fi kusa da Yamai ita ce Kwatano, sama da kilomita 1,000 ta Doso, Gaya, a haye gada zuwa Malanbil. Sai Lome a Togo, Tema a Gana, da Abijan.

Kontenan nan da kuke gani, akwatin ƙarfe mai tsawon ƙafa 20 ko 40, a 1956 aka fara loda irinsa a jirgi a Amurka, guda 58 kacal. Yau akwai jirgin da ke ɗaukar 24,000 na mai ƙafa 20 a tafiya ɗaya. Jirgi irin wannan kuwa ba ko'ina yake shiga ba, sai inda ruwa ke da zurfi, shi ya sa tashoshin yankinmu suka shiga tsere, kowa na haƙa, kowa na sayen manyan injinan ɗaga kaya. Lome ta riga kowa, zurfinta ya haura mita 16, tun 2014 ta buɗe sabon wurin kontena, manyan jirage suna sauke kaya can ƙanana su kwasa su rarraba. Tema ta buɗe nata a 2019, Abijan a 2022, Lekki ta Legas a 2023. Kwatano kuma tun 2018 aka damƙa tafiyar da ita ga mutanen tashar Anbas ta Beljiyam.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: a ƙarshen 2022 kamfanin jiragen ruwa na MSC ya saye harkar tashoshi da sufuri ta kamfanin Bolloré a Afirka a kan Yuro biliyan 5.7, yanzu sunanta AGL. Wato mai jirgin shi ne mai wurin sauke kayan. Ni dai a ganina wannan bai yi wa ƙaramin ɗan kasuwa daɗi ba, da wa za ka yi ciniki?

To mu dawo kan kontenan Alhaji. An sauke shi, yana zaune a fili. Kamfanin jirgi yana ba ka 'yan kwanaki kyauta, suna ƙarewa sai agogo ya fara, kullum akwai tara, ita ce 'yan tiranzit ke kira sirestari, ga kuɗin ajiya na tashar daban. Takarda ɗaya ta makale, ko lambar BSC, wato takardar bin sawun kaya ta hukumar masu amfani da sufuri ta Nijar (CNUT), ba ta fito ba, ko kwamfutar duwan ta ƙi, shi ke nan kwana uku sun tafi. Sannan in kana so ka fito da akwatin kansa zuwa Yamai sai ka ajiye kuɗin jingina mai nauyi har ka mayar da shi, kuma fanko zai koma don ba mu da kayan cika shi. Shi ya sa da yawa suke fasa kontena tun can, 'yan dako su juye kaya cikin kamiyo, a ja tamfol a ɗaure. Nan ne kwali ke jiƙewa, tayil ke fashewa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sai Sedeyawo ta sa takunkumi, aka rufe gadar Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe saboda dalilan tsaro. Kaya suka koma Lome, su shiga Burkina ta Sinkase, su bi garin Kaya, Dori, Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji. Direba sai ya yi makonni yana kwana ƙarƙashin motarsa, da butar shayi da tabarma, yana jiran a haɗa ayari. Duk wannan zaman a kan kuɗin shinkafa da siminti yake sauka.

Maganar tashar tudu ta Doso kuwa an daɗe ana yi. Dabarar ita ce kontena ya taho a rufe da hatiminsa, a yi masa aikin duwan a gida. Amma tashar tudu da jirgin ƙasa take rayuwa, layin da ya taso daga Kwatano a Paraku ya tsaya, wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 kuma bai haɗu da shi ba, kun dai gan shi a bakin hanya. Ana gina wani daga Kano zuwa Maraɗi, wajen kilomita 284. A bidiyo na gaba shi za mu bi, mu ga ko zai iya jawo mana kaya daga Legas.