Maganar Ɗan'uwanmu da Baban Tantirik: Jawabin Jami'in Walwala a Taronmu na Wata, Greater Noida, Indiya

Ma'aji, rufe littafin nan tukuna, za mu zo kansa. Shugaba, a yi mini afuwa, na tsallake ajanda. Kwana tara ke nan rabona da barcin kirki saboda maganar yaron nan, kuma na san rabinku kun ji ta a gutsure, wasu a WhatsApp, wasu a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Ba zan kama sunansa ba. Wanda ya sani ya yi shiru, wanda bai sani ba kada ya tambaya. Ni na ce masa ya zauna a ɗaki yau.

Kuɗin makarantarsa na wannan zangon, wanda mahaifinsa ya sayar da shanu ya turo, sun shige aljihun wani baba. Kun san takardun nan da ake liƙawa a jikin ginshiƙan jirgin metro da bangon tasha, masu lambar waya da manyan baƙaƙe, wai Baba Bangali, wai tantirik, mai warware matsalar soyayya da kasuwa da jarrabawa cikin kwana guda. Kullum muna wuce su muna dariya. Har akwai wanda ya taɓa cewa a nan ɗakin, ai sunan ma ya tona asirin, tantirik ko tantiri. To shi ɗan'uwanmu ya ɗauki waya ya kira lambar. Da farko kuɗin turare da lemun tsami aka karɓa, abin da bai kai a yi magana ba. Sai kuɗin baƙar akuya. Sai aka ce masa aiki ya kankama, in ya tsaya a tsakiya kansa zai dawo. Daga nan tsoro ne ya ci gaba da biyan kuɗin. Wannan karatun wanne ne a cikinku bai san shi ba tun daga gida? Bokan bayan gari ma haka yake jan zarensa.

Da na shiga ɗakinsa, na tarar da toka ƙunshe a jarida, jan zare ɗaure a wuyan hannunsa, da wata takarda mai zanen kusurwa uku-uku sun sarƙe da juna. A gefe ga ƙullin daddawa da kuka da mahaifiyarsa ta aiko ta hannun Hajiya tun watan jiya, ko kwance shi bai yi ba. Wallahi wannan ƙullin ya fi tokar taɓa mini zuciya. Mu da muke rabon daddawa da cokali a garin nan, mu da ƙamshin miyar kuka kaɗai kan sa mutum ya zauna ya yi ta tunanin tsakar gidansu, a ce yaro ya ajiye ta wata guda bai waiwaye ta ba!

Kuɗin ma da sauƙi a kan abin da ya faɗa mini. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ni fa ba na bauta wa kowa. Hanyar hagu nake bi. Hanyar dama ta masu sunkuyar da kai ce, a ta hagu kuwa kai ne ubangijin kanka. Kuma daga nan Indiya ilimin ya fito." Yaron da ya sauke Alƙur'ani a gaban malamin unguwarsu. Na rasa amsar da zan ba shi a daren, domin in na ce masa haramun ne, ya riga ni sani. Saboda haka na tafi neman inda maganar ta samo asali, kuma abin da na samo shi nake so ku ji, musamman ku ƙannenmu da kuka zo bana.

Akwai wani dattijo a benenmu, Bahindu, tsohon malamin makaranta, nakan ce masa Ankul-ji kamar yadda ake yi a nan. Na kai masa takardar nan mai zane. Ya juya ta, ya yi tsaki, ya ce wanda ya zana wannan ko jerin kusurwoyin bai iya ba. Sannan ya zaunar da ni da shayin nan nasu mai citta, ya warware mini.

Gaskiya ne Tantra, wato tafarkin ibadar da tantirik ke jingina kansa da shi, na da hannu biyu. Akwai Dakshinacara, hanyar dama, akwai Bamacara, hanyar hagu. Bambancinsu a kayan ibada yake. Masu hagu suna shigar da abubuwa biyar da Bahindu mai tsarki yake ƙyama: giya, nama, kifi, soyayyen hatsi, da saduwa. Duka biyar ɗin da harafin "ma" sunayensu suka fara a harshen Sanskrit, shi ya sa ake ce musu Pancamakara. Masu dama kuwa sai su musanya, su sa ruwan kwakwa a madadin giya, citta a madadin nama, ko su bar abin a tunani kawai. Dalilin masu hagu, in ji su, shi ne a rushe wa almajiri girman kan da yake ji na cewa shi tsarkakakke ne, ya daina ganin wani abu a duniya da ya fita daga ikon abin bautarsa. Irin wannan tunanin ne ya kai 'yan Aghori, wata ɗariƙa ta Hindu, zama a wurin ƙona gawa a Baranasi suna shafa toka. Mu ba addininmu ba ne, kuma ba na tsaye a nan don in wanke shi. Amma ku lura da abu guda: da na dama da na hagu, duk suna cewa abin bautarsu Shiva ko Shakti suka nufa, burinsu shi ne "ni" ɗin nan ta narke ta ɓace. Kuma ba a shiga sai ta hannun malami, da bai'a, da shekaru na horo. Babban malaminsu na Kashmir, Abhinavagupta, wanda ya rayu wajen shekara 1000 da ta wuce, a kan sanin Shiva ya ƙarar da rayuwarsa.

To ina maganar "kai ne ubangijin kanka" ta fito? Daga Turai da Amurka ta zagayo. Wata Barashiya, Helena Blavatsky, da abokanta suka kafa ƙungiyar Tiyosofi a New York a 1875, ta zo Indiya a 1879, suka kafa hedikwata a Adyar ta Madras a 1882. Ita ta yaɗa kalmomin nan biyu a tsakanin Turawa masu sha'awar asiri, ta mai da hagu ta zama baƙin sihiri, dama ta zama fari. Bayan ta, wasu suka ce to mu baƙin muke so. A 1966 Anton LaVey ya kafa Cocin Shaiɗan a San Francisco. Shi bai ma yarda akwai Shaiɗan na zahiri ba, alama ce kawai ta son rai, har ya koyar da cewa babbar ranar bikin mutum ita ce ranar haihuwarsa, tunda shi ne abin bautar kansa. A 1975 wani hafsan sojan Amurka, Michael Aquino, ya ɓalle ya kafa Haikalin Set, inda manufa ita ce mutum ya ɗaukaka kansa har ya zama wani abin bauta mai zaman kansa. A wurin waɗannan ne hagu ta koma nufin ka tsaya kai kaɗai, dama ta koma nufin ka miƙa wuya. Wannan shi ne abin da yaronmu ya kwaso a bidiyoyin intanet da tsakar dare, aka lulluɓe masa shi da sunan Indiya. Mu kuwa tun muna allo muka san wanda ya fara tara jama'a ya ce shi ne ubangijinsu mafi ɗaukaka, mun kuma san tekun da ya ƙare a ciki.

Na tambayi dattijon, to shi baban takarda fa, a wane hannu yake? Ya ce a hannun da ke shiga aljihu. Amma ya yi mini adalci, bai ɓoye ba. Ya ce a littattafansu akwai kalmomi biyu, bhukti da mukti: neman jin daɗi da iko a duniya, da neman kuɓutar rai. Kuma akwai ayyuka shida na asiri da aka rubuta. Da ya fara lissafo su sai jikina ya yi sanyi, don na ga kamar a kasuwar garinmu nake. Bashikaran, a juya zuciyar mutum ya bi ka, mallaka ke nan. Bidbeshan, a shiga tsakanin masoya, farraƙu. Uccatan, a tayar da mutum daga gidansa ya shiga duniya, wannan ai kurciya ce. Akwai na ɗaure mutum ya kasa motsi, akwai na kisa, guda ɗaya ne kawai na kwantar da cuta. Ya ce masu hankalinsu tun zamanin Patanjali, tsohon malamin Yoga, suna gargaɗin cewa irin wannan iko, siddhi, tarko ne ga mai neman Ubangiji. Na ce masa mu ma malamanmu na ɗariƙa sukan ce istiƙama ta fi karama dubu, kuma abin mamakin da ya fito daga hannun fasiƙi istidiraji sunansa. Muka dubi juna. Addininmu daban, ba kuma za su haɗu ba, amma kowannenmu ya gane ɓarawon gidansu.

Shi ya sa nake roƙonku, kada wani ya fita daga nan ya je yana zagin addinin mutanen da muke zaune a ƙasarsu. Lemun tsami da barkono bakwai da kuke gani rataye a gaban keke da ƙofar shago, nasu ne, ku wuce abinku. Waɗanda suka daɗe a cikinku ba su manta watan Maris na 2017 ba, lokacin da jita-jita kawai ta sa aka far wa ɗalibai 'yan Najeriya a garin nan, har ana cewa muna cin naman mutane. Yanzu ku ƙaddara an ga baƙin yaro da tsakar dare kusa da wurin ƙona gawa riƙe da akuya, don can baban ya ce masa za a kammala aikin. Wa zai tsaya sauraron bayani? Dukanmu abin zai shafa, har marasa lafiyar da suka zo asibiti ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Su kansu Indiyawa suna yaƙi da 'yan damfarar nan. Tun 1954 suke da dokar hana tallan maganin tsafi. Likita Narendra Dabholkar ya shafe shekaru yana fafutuka a kan haka, aka harbe shi a Pune ranar 20 ga Agusta 2013, kuma a cikin 'yan kwanaki jihar Maharashtra ta fitar da dokar da ya daɗe yana nema.

Yanzu bari in juyo kanmu, don nan ne ya fi mini ciwo. Wata huɗu yaron nan bai zo taro ba. Wa ya buga masa waya? Ni ne jami'in walwala, ni ma ban buga ba, na fara da kaina. Ya faɗi darasi biyu, kunya ta hana shi faɗa wa gida, yarinyar da yake so a can aka ba wani, ga hayaƙin hunturun nan da ke rufe gari mutum ya kwana uku bai ga rana ba. A cikin wannan halin wanda ya ɗaga wayarsa da ƙarfe biyun dare shi ne baba. Muna alfahari, kuma da gaskiyarmu, cewa babu gawar Bahaushe da ta taɓa kwana a garin nan ba gata, babu mara lafiyar da ya sauka filin jirgi muka bar shi yana lalube. Amma mai rai da lafiya, wanda ciwonsa ba ya nunawa a hoton asibiti, mun bar shi shi kaɗai a ɗaki har ya yarda cewa shi kaɗai ɗin ya isa. Muna aibanta masu cewa kowa ubangijin kansa, alhali kowa a cikinmu ya ja ƙofarsa ya rufe.

Rahoto a gurguje: marasa lafiya uku da muke dubawa, biyu an sallame su sun koma gida, na ukun yana nan yana samun sauƙi, ana neman mai kai masa tuwo ranar Laraba don ya gaji da capati. Sababbin ɗalibai, rajistar FRRO, wato ofishin rajistar baƙi, cikin kwana 14 da sauka, kada a yi wasa da ita. Wasan ƙwallo an ɗage. Shi ke nan.

Na dawo kan yaron. In ba a biya kuɗin nan kafin ƙarshen wata ba, makaranta ba za ta ba shi takardar shaidar ɗalibta ba, in babu ita babu sabunta biza, in biza ta ƙare kun san sauran. Asusunmu kuwa, ma'aji zai karanta muku, ko rabin abin da ake nema babu, saboda akwai masu bashin wata biyar, akwai masu na shekara, kuma wasunsu ina ganin sababbin wayoyi a hannunsu. Don girman Allah, 'yan'uwa. Don darajar iyayen da suka sayar da abin hannunsu suka turo mu nan. Alhaji, kai ne babba a cikinmu, kai nake so ka kira mahaifinsa, don in daga bakin yaro irina ya ji, ba zai ɗauka da sauƙi ba. Malam, ya yarda zai zauna da kai, amma ina roƙo a bi shi a hankali, ya riga ya tsinke zaren da hannunsa jiya, kuma tsoron abin da baban ya ce zai same shi bai sake shi ba tukuna. Lauyan da ya taimake mu bara ya ce a kawo lambar wayar da shaidar tura kuɗin, zamba ce, ana iya shigar da ƙara.

Ina neman mutum biyu da za su riƙa kwana a ɗakinsa bi da bi har mako biyu. Ni na ɗauki daren yau. Hajiya, in da hali a kaɗa masa kukar nan tasa gobe, zan kawo miki ƙullin. Ma'aji, buɗe littafin, ka fara da sunana, akwai wata biyu a kaina.